Lissafin Wutar Lantarki: Turi, Gudu Da Turjiya

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sukan ce, "Yau wuta ba ta da ƙarfi," ko kuwa, "Wayar nan ta ɗauki zafi." Maganarsu gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi ko nawa ba. To, ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake mai da wannan magana ta zama lissafi, gama duk wanda ya iya sau da rabawa ya iya shi, gobe kuwa mu za mu tsaya gaban allo mu koya wa yara.

Ku ɗauka an ɗora tankin ruwa bisa ɗaya daga cikin duwatsun Birnin Kudu, an jawo tiyo har ƙasa. Tsawon dutsen shi ke tura ruwan. A sha'anin lantarki wannan turi da bolt ake auna shi. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyon kowace daƙiƙa shi ne gudu, ma'auninsa amfiya. Ƙuncin tiyon kuwa da tsawonsa su ke hana ruwa sakewa, watau turjiya ke nan, ma'auninta om.

Wanda ya gano dangantakar ukun nan wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ya buga littafinsa a 1827. Malamin makaranta ne kamar yadda za mu zama, a birnin Kolon yake koyarwa. Masanan ƙasarsa ba su kula da shi ba da farko, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar girma. Ka'idarsa gajeriya ce: raba turi da gudu, abin da ya fita shi ne turjiya. In kuma ƙarfin aiki kake nema, wanda ake aunawa da wat, sai ka ninka turi da gudu.

Ga misali. Wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Jigawa, da Kano, da Katsina, ƙa'idarta bolt 230 ne a gidaje. An jona hitar dafa ruwa, aka auna aka ga tana jan amfiya 5. Raba 230 da 5, ka sami om 46, turjiyarta ke nan. Sa'an nan 230 sau 5 ya ba ka wat 1,150.

Yanzu a ce da maraice turi ya faɗi zuwa bolt 160. Turjiyar hita tana nan kusan yadda take, saboda haka gudu ya zama 160 a raba da 46, wajen amfiya 3.5. Ninka 160 da 3.5, wat 560 ke nan. Kun gani? Turi bai ragu da ko sulusi ba, amma ƙarfin aiki ya faɗi ƙasa da rabi, domin turi da gudu tare suka sauka. Uwargida da ta ce ruwa ya ƙi tafasa ba ƙorafin banza take yi ba.

Inda lissafin nan ya fi amfani, a ganina, shi ne wajen masu sola, waɗanda suka yawaita a ƙauyukan da turakun wuta ba su kai ba. Mutum ya sayi faranti da batir mai bolt 12, ya jona fanka da ƙwai da talabijin, jimla wat 60. Nawa ne gudun? Raba 60 da 12, amfiya 5. Alhali kuwa da a wutar bolt 230 ne, waɗannan wat 60 ɗin amfiya 0.26 kaɗai za su ja. Ashe ƙaramin turi babban gudu yake bukata.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ita kanta waya tana da tata turjiyar. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, kowace mita tana da wajen om 0.017. In daga batir zuwa ɗakin da ake so mita 15 ne, to, zuwa da komowa mita 30 ke nan, watau rabin om. Ninka amfiya 5 da rabin om: bolt 2.5 sun salwanta a hanya, saura 9.5 suka isa. Ninka 2.5 ɗin da amfiya 5 kuma: wat 12.5 sun zama zafi cikin wayar, ba su haska kome ba. Sai mai gida ya ɗora wa batir laifi, ya ce jabu aka sayar masa, alhali siririyar waya ce ta cinye. Da ya sa mai kaurin murabba'in milimita 4, da turjiya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, hasara ta tsaya wajen wat 3.

Ku lura, zafin waya ba bin gudu yake yi daidai wa daida ba. In gudu ya ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. In ya ninka uku, sau tara. Dalilin da ya sa ke nan wutar da ke tasowa daga Kainji da Shiroro ake ɗaga turinta har bolt 330,000 a manyan layuka, domin gudu ya ƙanƙanta, kana a yi ta sauko da shi a taransifoma, 132,000, 33,000, 11,000, har ya zo daidai da gida.

Saura soket. Irin mai ƙafa uku da muke amfani da shi amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, 13 sau 230 kuwa bai cika wat 3,000 ba. Wanda ya haɗa hita biyu irin ta ɗazu da dutsen guga mai wat 1,000 a kan soket guda ya ɗora masa wat 3,300, fiye da amfiya 14. Fis na kirki yakan yanke ne in gudu ya zarce ƙa'idarsa sosai. In kuwa an cire fis an ɗaura waya a gurbinsa, kamar yadda waɗansu ke yi, to, robar waya ce ke iya narkewa, a ɗakin da akwai katifa da labule.