Daga Ciyarwa zuwa Bashi: Manufofin Gwamnati na Tallafa wa Ɗalibai da Makomar Nazarin Harsunan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Masana harsunan Nijeriya sun daɗe suna tattauna matsayin da dokokin ƙasa suka ba harsunan gida, tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 har zuwa sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya gudanar da harkokinta da su idan an yi tanadin da ya dace. Sai dai ba kasafai ake waiwayar wata tambaya da ke ƙarƙashin waɗannan duka ba, wato wa ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibin da zai zama malamin harshe, ko mai fassara, ko mai tsara ƙamus? Wannan maƙala za ta bi sawun manufofin Gwamnatin Tarayya kan tallafa wa ɗaliban manyan makarantu, domin nuna yadda aka tashi daga ciyar da ɗalibi aka koma ba shi bashi, da kuma abin da wannan sauyi ke nufi ga sassan koyar da harsunan Nijeriya.

2.0 Zamanin Sikolashif da Ciyarwa

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗaliban ba su da yawa, kuma ƙasa na matuƙar bukatarsu. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya ɗauki ilimi mai zurfi a matsayin jarin da ƙasa ke zubawa domin samun ma'aikatan da za su gaji Turawa. A kan wannan fahimta ne gwamnatocin jihohi na wancan lokaci suka riƙa ba da sikolashif, galibi tare da sharaɗin cewa wanda ya amfana zai dawo ya yi wa gwamnatinsa aiki na wasu shekaru. Ke nan ɗalibi ya kan biya abin da aka kashe masa, amma da hidima, ba da kuɗi ba.

Arzikin man fetur ya faɗaɗa wannan tsari. A 1975 aka ƙaro jami'o'i guda 7 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilorin da Kalaba da Fatakwal, sannan a 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ɗalibi na samun masauki da abinci a farashi mai rahusa ƙwarai. Ba a daɗe ba nauyin ya fara yi wa gwamnati yawa. A 1978 aka yi ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na kullum, abin da ya haifar da zanga-zangar da aka fi sani da sunan Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilimi na Tarayya a lokacin. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Segun Okeowo ke shugabanta. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina ciyarwa baki ɗaya.

Darasin da gwamnatoci suka ɗauka daga 1978 shi ne, taɓa aljihun ɗalibi kai tsaye yana da haɗari. Saboda haka aka bar dokar soke kuɗin koyarwa a takarda, jami'o'i kuma suka shiga karɓar kuɗi da wasu sunaye: na rajista, na jarrabawa, na ɗakin karatu, na asibiti, da sauransu.

3.0 Ginin Makaranta da Cikin Ɗalibi

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kuma sassan harsuna na cikin waɗanda suka fara jin jiki. A da, ɗaliban Faransanci da na Larabci su kan yi shekara guda a ƙasar da ake magana da harshen. Da kuɗin waje ya gagara sai aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala a 1992. Wannan misali ne na yadda ƙarancin kuɗi kan sauya fasalin koyar da harshe kansa, ba yawan masu koyo kaɗai ba.

Yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta cimma da gwamnati a 1992, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, ita ta haifar da Asusun Harajin Ilimi a 1993, inda aka ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 asusun ya koma TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. Babu shakka asusun ya gina ajujuwa da ɗakunan karatu, ya kuma ɗauki nauyin ƙaro ilimin malamai da bincikensu. Amma ba a kafa shi don ciyar da ɗalibi ko biya masa kuɗin rajista ba. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne alawus ɗin da jiharsa ke bayarwa, wanda kan zo a makare kuma bai taka kara ya karya ba, sai kuma guraben Hukumar Sikolashif ta Tarayya da na hukumomi irin su PTDF, wadda aikinta ya shafi fannonin man fetur. Har ila yau, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a ba kimiyya kashi 60 na guraben shiga jami'a, sauran fannoni kashi 40. Ɗalibin Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Efik ya kasance a sahun baya wajen gurbi, haka kuma wajen tallafi.

Wannan kuwa ya faru ne a daidai lokacin da manufar ƙasa ke bukatar malaman harsuna da yawan gaske. Manufar ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare, sannan a ƙaramar sakandare ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Kwamitin da aka kafa a 1988 don duba samar da malaman waɗannan harsuna uku ya ƙiyasta ana bukatar sama da 55,000, alhali waɗanda ke akwai sun ɗan haura 6,000 ne kawai. An kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa a Aba a 1993 domin rage wannan giɓi, amma ba a haɗa da wani tallafi na musamman da zai jawo matasa su zaɓi fannin ba.

4.0 Bashin Karatu

Kafin a shiga bayani, yana da kyau a lura da yadda Hausa ta rarrabe kalmomin da suka shafi wannan batu. Aro shi ne karɓar abin da za a mayar da shi kansa, kamar littafi ko keke. Rance kuwa karɓar abin da za a kashe a mayar da madadinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne nauyin da ya hau kan wanda ya karɓa, lamuni kuma ya ƙunshi amincewa ko tsayawar wani. Kafafen watsa labarai na amfani da "bashin karatu" da "lamunin karatu" tamkar abu guda, alhali tarihin dokokin ya nuna bambancin yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani.

Ba yau aka fara ba ɗalibai rance a Nijeriya ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Ba Ɗalibai Rance a 1972, amma ta durƙushe saboda kaɗan ne daga waɗanda suka karɓa suka biya. Dokar soja ta 1993 ta kafa Bankin Ilimi don ya gaje ta, shi ma bai yi wani aikin a zo a gani ba. Shekara 30 bayan haka, a watan Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, makwanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur, kuma a shekarar da jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista sau da yawa.

Dokar ta 2023 ta lamuni ce a ainihin ma'anar kalmar. Ta sharɗanta kada abin da iyalin ɗalibi ke samu ya kai naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi da makamantansu. Matsalar a fili take: ɗan talakan da ya cika sharaɗin farko shi ne mafi wahalar cika na biyu. A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka kafa wata, wadda ta cire sharuɗɗan biyu ta kuma kafa asusun NELFUND. An fara karɓar takardun nema a watan Mayun wannan shekara. A bisa tsarin da aka fara da shi, ana biyan kuɗin rajista ga makaranta kai tsaye, ana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kawar da damuwar masu guje wa riba. Biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

5.0 Ɗalibin Harshe a Ƙarƙashin Sabon Tsari

A zahiri dokar ba ta bambanta fanni da fanni ba. Mai karanta Yarabanci da mai karanta likitanci duk suna iya nema. Kuma idan aka yi lissafi, ba ta tsananta wa mai ƙaramin albashi ba. A ƙaddara ɗalibi ya karɓi naira 100,000 ta rajista da naira 200,000 ta ɗawainiya kowace shekara har shekara 4. Bashinsa ya zama naira miliyan 1.2. Idan ya sami koyarwa da albashin naira 100,000, za a riƙa cire 10,000 a wata, ya gama biya cikin shekara 10. Da yake babu ruwa, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, abin da zai mayar bai kai darajar abin da ya karɓa ba. Asusun ne ke ɗaukar asarar.

A nan ne abin dubawa yake. Asusun da ake sa ran ya riƙa juya kansa da abin da aka biya zai fi samun sauƙi da masu babban albashi. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, kamar yadda ya faru da hukumar 1972, ba abin mamaki ba ne a fara kiran a fifita fannonin da ake ganin suna da kasuwa. Su ma iyaye suna nasu lissafin. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma uban da ya ga ɗansa zai fita jami'a da bashin miliyan zai tambayi aikin da digirin zai samar. Ga mai digirin harshen Nijeriya, babbar mai ɗaukar aiki ita ce gwamnati, ta hanyar makarantunta da gidajen rediyo da talabijin nata. Wato gwamnati ce mai ba da rancen, ita ce kuma ke da ikon buɗe ko rufe ƙofar da za a biya ta.

Wannan ƙofa kuwa ba ta tsaya wuri guda ba. A 2021 aka sanar da alawus ɗin naira 75,000 kowane zango ga masu digirin ilimi, da 50,000 ga masu neman takardar NCE. A watan Nuwambar 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Harshe ta Ƙasa, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru 6 na firamare. A watan Nuwambar 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan tanadi da komawa ga Ingilishi. Ɗalibin da ya shiga sashen harsuna a 2023 bisa tsammanin za a bukace shi, ya ga an sauya manufar tun bai kammala ba, bashin kuma na nan.

Akwai kuma ɗawainiyar da ta keɓanta da fannin, wadda rancen bai hango ba. Nazarin karin harshe da adabin baka da ƙananan harsunan da ke fuskantar ɓacewa a Filato da Bauchi da Taraba yana bukatar fita fage: kuɗin mota, na'urar ɗaukar magana, da ɗan abin hasafi ga dattawan da za a zanta da su. Ba ya cikin kuɗin rajista, naira 20,000 kuma ba ta isa abinci ba balle tafiya. Sakamakon haka ɗalibai kan karkata ga batutuwan da za a iya rubutawa daga ɗakin karatu, harsunan da ba a taɓa rubuta nahawunsu ba kuma su ci gaba da jira.

Tsohon tsarin biya da hidima yana da abin da zai koyar a nan. Ana iya yafe wani kaso na bashin ga duk wanda ya koyar da harshen Nijeriya a makarantar gwamnati na wasu ƙayyadaddun shekaru, musamman wanda ya koyar da shi a wajen yankin masu harshen, inda aka fi ƙarancin malamai tun 1988. Dokar 2024 ta tanadi yafe bashin idan mai shi ya rasu, amma ba ta yi irin wannan tanadi ga malamin aji ba, kuma gyara ta yana hannun Majalisar Tarayya.