Daga kwamfuta zuwa jar ƙasa: yadda mai koyon zanen gine-gine ke gane sirrin gida mai sanyi

A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tambayar farko da ta kamata a yi wa mai zana gida ita ce: in an ɗauke wuta, mutum zai iya barci a ciki? Galibin gidajen bulo da kwano da suka cika sababbin unguwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su cin wannan jarrabawa. Da hantsi kwano ya ɗau zafi, da la'asar bango ya ɗauka, da dare iyali su kwashe tabarmi su koma tsakar gida.

Wannan matsala ce ake nufi idan ana maganar gini mai ɗorewa: gidan da ba ya cin wuta da yawa, wanda kayan aikinsa ba daga nesa suke zuwa ba, kuma maginan gari za su iya gyara shi. Hanyar da Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara, ta bi tana nuna yadda ɗalibi ke kaiwa ga wannan fahimta.

A Yamai ta tashi, kuma ba da gini ta fara ba. Ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da shi, sannan ta koma aji a jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, inda ta gama digiri na biyu a zanen gine-gine a 2013. Binciken kammala karatunta bai ma shafi tubali ba. Ya duba yadda ƴan mata a Yamai ba su da wurin zama a fili kamar yadda samari ke da fada, sai dai su fake da tafiya a kan hanya. Wato tun kafin ta yi maganar bango, ta fara da tambayar wa zai zauna, kuma yaya yake rayuwa. A ganina nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: suna iya zana gida mai kyan hoto, amma babu zaure, babu inda mata za su yi girki a inuwa.

Darasi na biyu shi ne zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya riƙe shi awoyi da dama, sai dare ya yi iska ta huce sannan ya sake shi. Bulo na siminti siriri ne, ga rami a ciki, zafi na ratsa shi da wuri. Kakanninmu ba su karanta lissafin wannan ba, amma duk wanda ya shiga tsohon soro a Birnin Damagaram ko a Agadas da tsakar rana ya ji bambancin a jikinsa. Abin da makaranta ke ƙara wa ɗalibi shi ne awo: kaurin da ya isa, ɓangaren da rana ta fi duka, inda za a buɗe taga sama don iska mai zafi ta fita, da tsawon inuwar da rufi zai yi wa bango.

Da wannan ilimi ne Mariam da abokan aikinta suka gina gidaje shida a unguwar Yamai 2000, aka gama a 2016. Sun yi amfani da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, a matse, a rufe shi ya yi wajen sati uku zuwa huɗu yana ƙarfi. Ba a gasa shi, don haka ba a sare itace ko ɗaya saboda shi. Gidajen masu bene ne, kowane da ɗan tsakar gidansa, saboda fili a Yamai ya yi tsada.

Darasi na uku ba a aji ake samunsa ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa, akwai tsohon masallacin ƙasa na aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin na Dandaji ya tsufa, jama'a na son sabo. Mariam da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran, suka zana sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1000, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kira maginan da suka san ginin tun asali suka shiga aikin, aka kammala a 2018. Mai digiri ta zo da inji da lissafi, magina suka zo da sanin ƙasar wurin da dabarun ɗaura rufi. Ko wane ɓangare ya koyi abin da bai sani ba.

Sai dai kada a yi wa ƙasa kirarin da ba nata ba. Maƙiyinta ruwa ne. Ambaliyar 2020 ta rusa dubban gidajen ƙasa a faɗin Nijar, kuma a watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama mai yawa. Wanda ya kwana yana tsoron bango ya faɗo wa ƴaƴansa yana da hujja idan ya sami kuɗi ya sayi siminti. Ɗalibin da bai ɗauki wannan tsoro da muhimmanci ba bai gama karatu ba. Dole ya san ɗaga tushe da dutse ko kankare sama da inda ruwa ke kwanciya, ya san indararo mai jefa ruwa nesa da bango, ya san yaɓe, kuma ya iya cewa a'a idan filin cikin kwari yake.

Akwai kuma maganar mutunci. A idon mutane da yawa ginin ƙasa alamar rashi ce, kuma ma'aikacin da ya yi shekara goma yana tara kuɗi ba ya son a ce ya koma inda ya fito. Wannan ba ya canzawa da wa'azi, sai an ga gini a tsaye. Francis Kéré na Burkina Faso yana ɗalibi a Jamus ya gina makarantar ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa a 2001, ya ɗaga kwanon sama da rufin ɗaki don iska ta riƙa ratsawa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni. Makarantar tana nan, yara na karatu a cikinta ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba.