Mafitsara Ba Ta Jiran Mai Kunya

A gidaje da yawa akwai dattijon da butarsa ba ta hutawa da dare. Ya tashi sau huɗu ko biyar kafin asalatu, ya tsuguna ya daɗe yana nishi, fitsarin ya zo siriri kamar zare, ya yanke, ya dawo. Miƙewarsa ke da wuya sai ya ji ɗigo a wando, tsarki ya ɓaci. Shi ba ya faɗa, iyalin da suka lura kuwa sai su ce tsufa ne. Galibi tushen abin wata tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wadda likitoci ke kira furostet. A jikin saurayi ba ta wuce ɗan goro ba, nauyinta kimanin giram 20, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Da shekaru sun tura sai ta yi ta girma tana shaƙe hanyar. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi, a shekara 80 kuwa ya kai takwas cikin goma. A ganina, abin da ya kamata ya yanke hukuncin tiyata shi ne halin da mafitsara da ƙoda suke ciki. Yawan shekaru da tsoron wuƙa sun daɗe suna yanke hukuncin a madadinsu, kuma ba su iya ba.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, aikinta matsewa. Idan ƙofa ta ƙuntata sai ta ƙara ƙarfi, bangonta ya yi kauri, shi ya sa mutum kan yi shekaru yana lallaɓawa. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Tsokar mafitsarar takan gaji, ta daina fitar da fitsari duka, ragowar ya kwanta kamar ruwan kududdufi. A cikinsa ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, a cikinsa tsakuwa ke ƙulluwa. In ya taru da yawa sai ya tokare hanyoyin da ke saukowa daga ƙoda, ƙodar ta kumbura tana lalacewa a hankali, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Wata rana kuma sai fitsarin ya tsaya cak, mara ta yi tamau, a garzaya asibiti tsakar dare a sa roba. Tiyata tana buɗe hanya, amma ba ta tayar da tsokar da ta riga ta mutu. Wanda ya zo bayan mafitsararsa ta saki, ana iya yi masa aiki mai kyau ya ci gaba da zama da roba, a ɗora laifin a kan likita alhali jinkiri ne ya yi ɓarnar.

Aikin kansa ya yi nisa daga inda ya faro. A 1900 Peter Freyer ya fara yin suna a Landan da ciro kumburin ta hanyar tsaga mara da mafitsara, a 1945 Terence Millin ya kawo hanyar da ba a buɗe mafitsarar. Tun wajen 1930 kuma ake kankare kumburin daga ciki: a zura siririn ƙarfe mai fitila ta hanyar fitsari, a yi ta feraye tsokar da wutar lantarki har hanya ta buɗe, babu yanka a fata. Wannan shi ne aikin da ake kira TURP, kuma akan cire roba bayan kwana biyu ko uku. Daga baya leza ta shigo, jini ya ƙara raguwa. Tsaga mara dai bai zama tsohon yayi ba, domin da shi ake yi idan tsokar ta haura giram 80 a inda babu na'urar leza.

Za a ce, to ai akwai maganin sha. Gaskiya ne, kuma da shi ya kamata a fara. Tamsulosin yana sassauta bakin mafitsara cikin kwanaki, finasteride kuwa yana rage girman tsokar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi wata shida ana sha. Maza da yawa ba za su taɓa bukatar fiye da haka ba. Sai dai magani yana da iyaka sananniya: fitsari ya tsaya fiye da sau ɗaya, ko tsakuwa ta fito, ko ciwon mafitsara ya yi ta dawowa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko gwaji ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa. Masu cewa tiyata tsada ba su yi ƙarya ba, amma su lissafa canjin roba duk bayan 'yan makonni, da zazzaɓin da take jawowa, da kuɗin wankin ƙoda in abin ya kai can.

Tsoron da ba a furtawa a gaban 'ya'ya shi ne na mazakuta, kuma ya cancanci amsa ba kwana-kwana. Bayan kankarewa, kusan mutum biyu cikin uku maniyyinsu yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, daga baya ya bi fitsari. Ba ya cutarwa, kuma yawancinsu ƙarfinsu yana nan yadda yake, amma haihuwa takan yi wuya. Dattijon da ke da amarya yana kuma son ƙarin zuri'a hakkinsa ne a gaya masa haka kafin ya sa hannu, kuma likitan da ya ɓoye ya ci amana. Yoyon fitsari na dindindin kuwa bai cika wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Batun tsufa ma ya yi sauƙi, tunda akan kashe rabin jiki ne da allura a gadon baya, mutum yana farke. Lafiyar zuciya da huhu ake dubawa. Sarki Charles na Ingila yana da shekara 75 aka yi masa aikin kumburin furostet a Janairun 2024, kuma fadarsa ce ta sanar da duniya.

Auna amfanin tiyata da illarta shi ne kuma ke hana gaggawa idan aka zo kan cutar daji ta furostet, wadda daban take da kumburin tsufa. A binciken ProtecT na Birtaniya an bi maza 1,643 masu dajin da bai yaɗu ba har shekara 15. Sakamakon 2023 ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari ne cutar ta kashe, ko an cire tsokar, ko an gasa ta da haske, ko an sa ido kawai, ko da yake ta fi yaɗuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido. Cire tsokar gaba ɗaya ya fi kankarewa taɓa mazakuta da riƙon fitsari nesa ba kusa ba, don haka ba kowane dattijo zai amfana da shi ba. Amma jini a fitsari shi ne ba ya karɓar uzuri. A yankunan fadama da noman rani an saba kiransa tsargiya a wuce, alhali tsargiyar da ta daɗe tana cikin abubuwan da ke jawo dajin mafitsara. Dattijon da ya ga jini ko sau ɗaya, ko da babu zafi, yana bukatar a leƙa cikin mafitsararsa da na'ura, domin ƙarin da bai nutsa cikin bango ba ana iya kankare shi ta hanyar fitsari, wanda ya nutsa kuwa sau da yawa sai an cire mafitsarar ɗungurungum.