2.3 Matsayin Muhawarar Jama'a a Ra'in Dimokuraɗiyya

Masana kimiyyar siyasa sun kasu gida biyu dangane da abin da ke halalta hukunci a tsarin dimokuraɗiyya. Kashi na farko suna ganin rinjayen ƙuri'a kaɗai ya wadatar. Daga cikinsu akwai Joseph Schumpeter, wanda a 1942 ya bayyana dimokuraɗiyya da cewa hanya ce da 'yan siyasa ke gasar neman ƙuri'un jama'a domin su sami iko. Kashi na biyu kuwa suna ganin ƙuri'a ba ta isa ba, sai an gabatar da hujjoji a bainar jama'a, an tattauna su, kafin a yanke hukunci. Wannan sashe zai yi bayani ne a kan ra'ayi na biyu.

2.3.1 Asalin Ra'ayin

Ana danganta tushen wannan ra'ayi da birnin Atina na ƙasar Girka, inda 'yan ƙasa maza ke taruwa su yi muhawara kafin su ɗaga hannu. Masanin tarihi Thucydides ya kawo labarin abin da ya faru a shekara ta 427 kafin Miladiyya. Majalisar ta yanke hukuncin kashe dukkan mazajen birnin Mitilini saboda tawaye. Washegari aka sake zama, Cleon ya nemi a zartar, Diodotus ya yi jayayya da shi, aka soke hukuncin, aka tura jirgin ruwa na biyu ya tarar da na farko kafin a aiwatar. Wannan ya nuna cewa mutanen da suka jefa ƙuri'a jiya suna iya sauya ra'ayi yau idan suka ji hujja.

2.3.2 Ra'ayoyin Masanan Zamani

A 1859 John Stuart Mill ya yi nuni da cewa toshe bakin mai saɓanin ra'ayi asara ce ga al'umma, domin mai yiwuwa gaskiya na wurinsa. Shi kuwa Jürgen Habermas na Jamus, a ayyukansa na 1962 da 1992, ya nuna cewa doka tana samun halalci ne idan waɗanda za ta shafa za su iya amincewa da ita bayan tattaunawar da babu tilas a ciki, inda ƙarfin hujja ke rinjaye, ba dukiya ko muƙami ba. Haka nan John Rawls a 1993 ya ƙara da cewa a manyan al'amuran tsarin mulki, wajibi ne a kawo dalilan da mai wani addini ko aƙida daban zai iya karɓa.

2.3.3 Gwaji da Suka

An jarraba wannan ra'i a lardin British Columbia na Kanada a 2004. An zaɓo mutum 160 ta hanyar ƙuri'ar sa'a, suka shafe watanni suna nazarin tsarin zaɓe, sannan suka ba da shawarar a sauya shi. A ƙuri'ar raba gardama ta 2005 shawarar ta sami kusan kashi 58 cikin 100, amma ta faɗi domin doka ta gindaya kashi 60.

Sai dai ra'in bai tsira daga suka ba. Iris Marion Young ta yi ƙorafin cewa irin wannan muhawara takan fifita masu ilimi da iya magana, ta danne talakawa da mata. Dama a Atina ma ba a ba mata da bayi damar shiga majalisa ba.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa muhawara ba ta maye gurbin ƙuri'a. Aikinta shi ne ta sa wanda aka rinjaya ya san dalilin da ya sa aka rinjaye shi, ya kuma sami damar sake kawo hujjarsa gobe. Inda aka rasa wannan, rinjaye kan rikiɗe ya zama danniya.