Diyyar Ma'aikacin Da Ya Yi Rauni A Bakin Aiki

Sau da yawa akan kawo kuka gaban hakimi, a ce wane ya faɗo daga saman gini, ko inji ya datse masa yatsu, maigidan aikin kuwa ya sallame shi da ɗan kuɗin magani. Ya kamata hakimai da malamansu su san cewa doka ta yi wa irin wannan mutum tanadi.

An kafa dokar diyyar ma'aikata ta farko a Nijeriya cikin 1941, aka sake ta cikin 1987. A ƙarƙashin waɗannan, maigidan aiki ne ke biyan diyya da kansa, saboda haka yakan sayi inshora don kamfanin inshora ya ɗauke masa nauyin. Wannan ita ce inshorar alhakin maigidan aiki.

Cikin 2010 aka yi sabuwar doka wadda ta soke ta 1987. Yanzu kowane maigidan aiki, na Gwamnati ko na kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa kowane wata cikin asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Daga nan ake biyan diyya, ba sai an tabbatar da laifin kowa ba. An hana cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, an kuma hana shi yafe haƙƙinsa.

A ce wani magini ya karye a wurin aiki a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Wajibi ne shi ko danginsa su sanar da maigidan aikin cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, amma in rai ya yi halinsa sai a sanar nan take. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara guda. Dokar ta haɗa har da cutar da aiki ya jawo, da haɗarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki.

Masu shirin jarrabawar aikin inshora su riƙe waɗannan shekaru da kwanaki sosai. Malaman hakimai kuma, in an kawo irin wannan kuka, su fara rubuta ranar da abin ya faru da sunayen shaidu, don jinkiri na iya sa marayu su rasa haƙƙinsu.