Ilimin zafi da makamashi: Darasin da kowane ɗalibin injiniya ke buƙata

Injin fetur, na mota ko na janareta, yana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, ko ƙasa da haka, na makamashin man da ya ƙona zuwa aiki. Sauran yana salwanta a matsayin zafi, ta salansa da jikin injin. Dalilin wannan asara shi ne jigon ilimin tamodainamiks, wato nazarin alaƙar zafi da aiki, wanda ɗaliban injiniya a jami'o'in Najeriya kan fara a shekara ta biyu.

Darasin ya ginu a kan manyan dokoki biyu. Ta farko ta ce ba a ƙirƙirar makamashi kuma ba a halaka shi, sai dai ya sauya kama. Ta biyu ta ce zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai zafi, kuma babu injin da zai mayar da dukkan zafin da ya karɓa zuwa aiki.

A shekarar 1824, injiniyan Faransa Sadi Carnot ya nuna cewa iyakar ingancin inji ta dogara ne ga zafin da yake karɓa da kuma zafin wurin da yake zubar da ragowar. Misali, idan tururi ya kai digiri 540 a ma'aunin Salshiyos, ruwan sanyaya kuma 30, ingancin ba zai wuce kusan kashi 63 cikin 100 ba. A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe: dole ne a ƙara 273 a kan kowane adadi domin komawa ma'aunin Kelbin. Wanda ya manta zai samu kashi 94, amsar da ba ta yiwuwa. Wannan iyaka ta shafi tashar lantarki ta Egbin da ke jihar Legas, wadda aka gina domin samar da megawat 1,320 ta hanyar tururi.

Daga baya ɗalibin kan shiga darasin tafiyar zafi, wanda ke auna saurin wucewarsa. Hanyoyin uku ne: ta cikin jikin abu, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ɗaukar zafi a tukunya, ta motsin ruwa ko iska, kamar a lagireton mota, sai ta haske, kamar yadda rana ke gasa rufin kwano. Joseph Fourier ya wallafa lissafin hanya ta farko a 1822.

Amfanin ilimin bai tsaya ga manyan tashoshi ba. Malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Yayin da ruwan ke bushewa, yana ɗauke zafin tukunyar ciki, sai kayan lambu su daɗe ba su lalace ba, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya ɗauki na'urar lissafi, ya kamata ya zana abin da yake nazari, ya shata iyakarsa, sannan ya tantance makamashin da ke shiga da wanda ke fita.