Harshen Sikeli: Kalmomin da Ke Tsare Haƙƙi a Awon Masana'antu

Tun daga zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka riƙa tara dalarta, manomin ƙasar Hausa, wanda ya gaji mudu da tiya daga kakanninsa, ya sami kansa a gaban wani ma'auni dabam, wanda ba ya duban cikar kwano ko tozonsa, sai dai nauyin abin da aka ɗora masa. A yau kuwa, da ake awon riɗi da waken soya da shinkafa da siminti mota-mota, sikeli ya zama alƙali tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma wanda bai san isɗilahin wannan alƙali ba, ana iya yanke masa hukunci yana tsaye bai fahimci abin da aka ce ba.

Farkon abin da ya wajaba a sani shi ne nauyi uku da ake bugawa a takardar awo. Idan tirela ta hau babban sikelin motoci da lodinta, adadin da ya fito shi ne nauyin jimla, ana yi masa alama da harafin G. Bayan an sauke kaya ta koma wayam, abin da ya fito shi ne nauyin mazubi, mai alamar T. Idan aka ɗebe na biyu daga na farko, abin da ya saura shi ne zallar nauyin kaya, mai alamar N, kuma a kansa kaɗai ake biyan kuɗi. Misali, motar da ta ba da kilo 45,000 da kaya, ta ba da 15,000 babu kaya, ta ɗauko tan 30 ke nan, daidai da buhu 600 na siminti mai kilo 50. A nan ne sau da yawa ha'inci ke shiga, domin kuwa idan yaran mota suna ciki a awon farko suka sauka a na biyu, ko aka rage ruwan tanki a tsakani, to, an sayar da abin da ba kaya ba a farashin kaya. Haka nan lafazin tan yana buƙatar tahƙiƙi cikin yarjejeniya, saboda tan na awon zamani kilo 1,000 ne, tsohon tan na Ingila kusan 1,016, na Amurka kuwa kusan 907.

A jikin kowane sikelin ciniki na ƙwarai akwai ɗan allo mai ɗauke da sharuɗɗansa. Max shi ne iyakar abin da zai iya aunawa, Min shi ne mafi ƙarancin abin da ya halatta a auna da shi, ƙaramin harafin e kuwa shi ne taki guda na sikelin, wanda da shi hukuma take lissafa kuskuren da aka yafe masa. Sikelin mota mai ɗaukar tan 60, wanda takinsa kilo 20 ne, ba a aminta da hukuncinsa a ƙasa da kilo 400, saboda haka wanda ya auna maka buhu guda a kansa bai yi maka adalci ba, ko da bai yi nufin zalunci ba. Ƙungiyar OIML, wadda aka kafa a Faris a 1955 domin daidaita dokokin awo tsakanin ƙasashe, ta kasa irin waɗannan ma'aunai daraja huɗu: ta ɗaya da ta biyu na ɗakunan bincike ne da masu zinariya, ta uku ita ce ta kasuwa da masana'anta, ta huɗu kuwa ta awon da ba ya neman tsanantawa.

Amma yaya ƙarfe yake sanin nauyi? A ƙarƙashin dandamalin sikeli akwai wasu curarrun ƙarafa, su ne ƙwayoyin awo, waɗanda aka manna wa siririyar waya mai lanƙwasa, irin wadda Edward Simmons da Arthur Ruge suka ƙago a Amurka a 1938, kowa da nasa binciken. Idan nauyi ya danne ƙarfen sai ya ɗan motsa gwargwadon da ido ba ya gani, wayar ta miƙe ko ta tsuke, yadda take tare wutar lantarki ya sauya, na'urar nuni kuma ta mai da wannan sauyi lambobi. Tun da yake abin da ƙwayar take ji shi ne jan da ƙasa take yi wa kaya, kuma wannan jan ya fi ƙarfi a Turai bisa Kano, sikelin da aka saita a Jamus zai tauye kusan kilo 3 a kowane tan idan aka girka shi a nan ba a sake saitinsa ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmomi biyu da ake yawan cuɗanyawa, wato saiti da tabbatarwa. Saiti aikin injiniya ne, wanda zai ɗora duwatsun awo sanannu, ya gwada tsakiya da kusurwa huɗu, ya gyara saɓanin da ya gani; tabbatarwa kuwa aikin hukuma ne, a Nijeriya Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wanda zai jarraba, ya buga hatimi, ya ba da shaida. Kada kuma a ruɗu da sikelin da yake maimaita adadi guda kullum, gama ma'auni yana iya dawwama a kan kuskure guda.

Su kansu duwatsun awon suna da isnadi, kamar yadda hadisi ba ya inganta sai da silsilar maruwaita: na ma'aikata an gwada su da na ƙasa, na ƙasa da na duniya. Daga 1889 asalin silsilar wani curi ne na farin ƙarfe mai daraja da aka adana a Sèvres, kusa da Faris, har zuwa 20 ga Mayu, 2019, lokacin da aka ɗora ma'anar kilo a kan wani adadi tabbatacce na halitta mai sunan masani Planck.

Shari'a ta riga ta girmama wannan al'amari, ta yi wa masu tauye awo kashedi a Suratul Muɗaffifina, ta ba da labarin halakar mutanen Annabi Shu'aibu, alaihis salamu, ta kuma ɗora wa muhtasibi duba ma'aunan kasuwa. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin manoma da na dillalan hatsi, a Dawanau da sauran kasuwanni, su koya wa 'ya'yansu su ga sifiri a na'ura kafin mota ta hau, su duba hatimin hukuma da kwanan watansa, su kuma karɓi takarda mai nauyin nan uku kafin a ƙirga kuɗi.